Gonar Inna Adama Ba Ta Son Lahadi

Talata, 8 ga watan bakwai, da hantsi

Salamu alaikum 'yan uwa, mun tashi lahiya? Ina da wani labari, amma ba zan hwaɗa ba sai kun ba ni goro... Kai, Zalihatu! Nan ba gurup ba ne. Hannu ya saba, ko wajen rubutu na waya na buɗe sai na gaida mutane. To na gaishe ki ke kaɗai, Zali, tunda ba mai karanta wanga sai ke.

Bon. Gurup ɗinmu na WhatsApp, Hannu Da Yawa. Ma'azu ne ya buɗe shi. Mun share hilin gidan likita, mun cike ramukkan bakin kasuwa, in anka rasa jini ga mai haihuwa mu ake kira. Da zai tahi cin rani wajen zinariya bayan girbi, ya maishe mu admin, ni da Mus'ab mai butik ɗin kayan waya. Ya ce mini, "Ki riƙe mini shi kahin damana."

Damana ta zo. Shi bai zo ba.

Jiya Ɗan'azumi mai kabu-kabu ya kai wani fasinja ƙauyensu Ma'azu, gaba da Kiéché kaɗan, ya aiko mini hoton gonar Inna Adama. Uwar Ma'azu ke nan, shi kaɗai gare ta namiji. Maƙwabta sun taya ta shuka, hatsi ya hito kyau, amma haki shina so shi haɗiye shi. Yanzu kowa na kan tashi gona, ba mai waiwayar ta wani. In ba a noma ta ba cikin kwanakin ga, bana ba abin da zai shiga rumbu.

Gayya za mu yi. Na sa cikin gurup: Lahadi mai zuwa, tunda ran nan ne ma'aikata ba su zuwa aiki buro, masu butik ma suna iya ruhewa.

Alhamis, 10, azahar

Mutanen gurup sai da dabara wallahi. In ka rubuta, sai su aiko maka babban yatsa. Babban yatsa ba shi noma! Donk na koma vokal, saƙon murya, ina kiran kowa da sunanshi. "Mushe Luƙman, malamin lokol, makaranta na vakansi, hutu kuke, ba ka da hujja." "Mubaraka ƙawata, bar lallen nan, hauya ma tana sa hannu ja." Wanda ya yi shiru na bi shi a gehe. Na Legas da na Kwatano sai addu'a da hoton hannuwa, mun gode, Allah shi amsa.

Mus'ab ya kawo nashi sharaɗi: ba makaɗa, kuma mata gehe guda. Na ce dakor Malam, ko da ma wa ya ga makaɗi.

Forfe na na intanet ya ƙare sau biyu yau. Inna ta gida ta ce wata rana wayar ga za ta manne mini a kunne.

Lahadi, 13, bayan la'asar

Ban san ta inda zan hwara ba.

Mun tahi. Babura jere, har da wata mota da Mushe Luƙman ya aro. Hauyu ɗaure a baya, Mubaraka da ni da robobin hura. Mutane sun zo, wallahi sun zo hiye da yadda na zata, har ina ta ɗaukar bidiyo a hanya ina cewa ku gani, Hannu Da Yawa ba wasa.

Munka isa bakin gona, sai ga Inna Adama tsaye da sandarta. Ta yi murna, ta gaida kowa, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Sai ta ga ana kwance hauyu.

"Mi za ku yi da waɗanga?"

Na ce, "Inna, gayya munka kawo miki."

"Yau?"

"Yau, Inna."

"Ɗiyata, yau Lahadi. Gonar ga ba a sa mata ƙarhe ran Lahadi."

Wani ya yi dariya a baya. Ita ba ta yi ba. Ta nuna tsohon gawon da ke tsakiyar gona da haɓa, ta ce mai wurin ba ta so. Doguwa ke nan, aljanar gawon. Ta ce tun kakan kakan mijinta haka anka yi alkawali da ita: duk ranakku naku, Lahadi nata.

Mus'ab ya matso. Da ladabi ya yi magana, ba zan yi mishi ƙarya ba. Ya ce, "Inna, ranakku duka na Allah ne. Itace ba shi hana komi, ba shi ba da komi. Ki bari mu yi miki aiki."

Ta ce, "Ɗan wa ne wanga mai guntun wando?"

Ɗan'azumi ya ce, "Mai gyaran waya ne, Inna."

"To shi gyara waya. Ɗana, na gode da tahiya. Ku sha hura, ku huta ƙarƙashin inuwa. Amma wanda zai sa hauya yau, sai shi hwara da ƙahwata."

Ta zauna nan bakin gona, kan ƙasa. Haka munka tsaya cirko-cirko da hauyu a hannu. Ƙarangiya duk ta cika mini zane. Munka sha hurar da munka kawo don aiki, ba aiki, munka koma.

Ni ce ban tambaye ta ba. Na tambayi mutum sama da ɗari ranar da ta yi musu, ban tambayi mai gona ba.

Litinin, 14, da sahe

Gurup ya kama wuta. Na tashi na iske vokal kamar ruwan ƙanƙara. Wasu na cewa an ɓata musu esansi, man babura. Wasu na cewa tsohuwa ce, a bi ta a hankali. Wani da ke Abijan, wanda bai taɓa ɗaga ko tsintsiya ba, shi ya hi kowa dogon wa'azi.

Na ce to mu maida gayyar Alhamis. Mus'ab ya amsa a rubuce, gaban kowa: "In munka canza rana saboda doguwa, mun yi mata biyayya ke nan. Ni ba ni ciki. Lahadi ko babu."

Abokanshi na kasuwa sunka bi bayanshi. Kuma su ne masu ƙarhin, su ne masu babura.

Sai ga layin nan mai baƙin jini: wane ya hita, wane ya hita. Kowane ɗaya kamar an cire mini haƙori.

Talata, 15, magariba

An yi ruwa mai yawa. Kowa na murna. Haki ma na murna.

Laraba, 16, azahar

Lambar Ma'azu ta yi kore yau, alamar an buɗe wayar. An ga saƙonnina duka, tun na azumi. Nan take na kira.

Wani mutum ne. Ya ce a kasuwa ya sayi wayar. Bai san komi ba.

Laraba, la'asar

Mubaraka ta ce in hidda lambar daga gurup tunda baƙo ne ke riƙe da ita. Na ce to. Ban hidda ba.

Ba zan yi maganar ga ba. Maganar gona nake.

Jumma'a, 18, bayan magariba

Na tahi ni kaɗai. Ɗan'azumi ya kai ni, ya ce in ban iya ba in kira shi shi zo shi kwashi gawata, ɗan banza. Na ari hauyar maƙwabta na shiga. Ni da ban taɓa noma ba sai dai kai abinci gona ina ƙarama. Kahin rana ta yi tsaka hannuna ya yi ruwa, abin da na noma kuwa bai hi tabarma uku ba.

Inna Adama ta kira ni inuwa. Tana ta ɓare gujiya, ba ta dube ni ba ta ce, "Sun ce ni mushirika ce ko?"

Na ce, "A'a Inna, ba wanda ya ce."

"Ƙaryarki. Ina salla, ɗiyata, ina azumi. Amma bara an sa mata ƙarhe ran Lahadi. Na hana, anka ce mini Inna zamani ya wuce nan, ana sauri." Ta watsar da ɓawon. "Ina wanda ya sa?"

Ma'azu take nuhi. Mi zan ce?

Ta ce, "Ba zan ƙara ba da ɗan kowa ba. Gara hatsin shi mutu."

Ashe ba gonarta take tsaro ba. Mu take tsaro.

Ta kalli wayar da ke cinyata. Na juya ta ƙasa. Na ce Inna, hatsin ga ba zai mutu ba, in sha Allahu. Ban san da mi na dogara ba da na hwaɗi haka, amma na hwaɗa, kuma yanzu dole.

Asabar, 19, da hantsi

Na je butik ɗin Mus'ab. Maganar ga ba ta gurup ba ce. Shina ta manna gilashi a wayar wani, na jira har ya gama, sannan na gaya mishi abin da Inna ta ce, yadda ta hwaɗa.

Ya ajiye kayan aikinshi. Abokin Ma'azu ne shi ma, tare sunka yi lokol. Ya ce, "Zalihatu, abin da ya samu bawa Allah ne ya rubuta. Ba gawo ba."

Na ce, "Na sani, Malam. Ni ba hwatawa na zo nema ba, hannu na zo nema."

"Ba zan canza rana ba."

"To in babu rana hwa?"

Ya ɗago kai. A kan babur jiya abin ya zo mini. Na ce mu bar gayya gaba ɗaya. Ba ranar da za a sa, balle a ce an canza ta. A raba gonar layi-layi, kowa shi ɗauki nashi, shi je lokacin da ya samu, da asuba kahin kasuwa ko da marece. In ya gama shi aiko hoto. Ba wanda ya bi doguwa, ba wanda ya taka tsohuwa.

Ya ce, "Ke da wayo kamar dila."

Na ce, "Admin ce."

Ya ce shi ba zai hana kowa ba. Bai ce zai je ba.

Talata, 22, azahar

Ya kama! Wallahi ya kama!

Ɗan'azumi ya hwara. Ya kai fasinja Kiéché, ya ratsa ya yi layinshi, ya aiko hoto shina tsaye da hauya kamar wanda ya kashe zaki. Na sa mishi tambarin kambi, na yi vokal ina yi mishi kirari: Ɗan'azumi na hanya, mai babur ba birki, ka noma ka koma! Shi ke nan sai kishi ya tashi. Masu butik biyu da sunka bi Mus'ab sunka ce su ma a ba su layi, wai kar ɗan kabu-kabu shi raina su.

Na gano abu: mutanenmu ba su son a roƙe su, so suke a yabi wani gabansu.

Mushe Luƙman kuwa ya noma layinshi tas, har da hatsin. Wai ya ɗauka haki ne. Inna ta bi bayanshi tana salati, ta ce, "Wanga shi ke koya ma ɗiyan mutane?" Na so in ɓoye, amma shi da kanshi ya sa hoton, ya rubuta "zero bisa ashirin". An yi dariya har wasu da sunka hita sun ce a maido su. Na maido su, ban ce musu komi ba. Raina ya so in ce.

Laraba, 23, da sahe

Hannuna ya hwashe. Ina rubutu da yatsa guda.

Alhamis, 24, la'asar

Gehen hwadama ya tahi. Can ruwa ke kwanciya, ciyawar harƙiya ta riga mu, hatsin ya yi rawaya ya siranta kamar tsinke. Inna ta ce a bar shi, kar a ɓata ƙarhi. Da mun yi tun ran hwarko... to, ba ni son "da". Sauran muke bi.

Mubaraka ta zo yau da safar hannu ta likita. Ta yi rabin layi, hoto kuwa ta yi na gona guda.

Inna ta kawo mana tuwo da miyar kuka. Ta zuba kwano ɗaya ta ruhe ta ajiye gehe. Ban tambaya ba na wa.

Jumma'a, 25, bayan sallar Jumma'a

Mus'ab ya rubuta cikin gurup: "A ba ni layi. Lahadi zan yi shi."

Na karanta na sake karantawa. In na hana shi gaban mutane, abokanshi za su ajiye hauyu, ga aiki da saura. In na bar shi, tsohuwa za ta kwanta gaban hauyarshi, na san za ta yi.

Na ba shi layi. Na gehen gabas. Na ce ma Ɗan'azumi jibi tun da sassahe shi zo shi ɗauke ni.

Asabar, 26, magariba

Ban ci komi ba. Na rubuta ma Mus'ab saƙo mai tsawo, na goge.

Lahadi, 27, la'asar

Na riga shi isa. Na gaya ma Inna yadda ake ciki, ina ta ba ta haƙuri tun kahin a yi laihi. Ta ce, "Mai guntun wando? Bari shi zo."

Ya zo, hauya ɗaure a babur, sabuwa hul, da alama jiya ya saye ta. Inna ba ta je bakin gona ba. A ƙohwar gida ta tare shi.

"Ɗana, sannu da rana. Kai dogo ne ashe. Zo ka gani."

"Inna, noma na zo yi."

"Na ji. Zo ka gani dai."

Ta ja shi bayan ɗaki. Rumbunta ne. Jinkar ta zame gehe guda tun iskar hwarkon damana, ruwa na shiga, wata ƙahwar ma gara ta ci.

Ta ce, "Hatsin da kuke ta nomawa, ina za a zuba shi? Aljihunka?"

Ya dubi rumbu, ya dubi hanyar gona, ya dube ni. Ni kuwa na duƙa ina cire ƙarangiyar da babu.

Ya ce, "Inna, ki sani ba don gawonki zan bar gona ba."

"Wa ya ce? Rumbu ne ya kira ka."

"Kuma yau Lahadi nake aiki."

"Yi abinka. Ita gona ta ce, ba ta ce rumbu ba."

Ya tuɓe riga ya hau. Ɗan'azumi na miƙa mishi ciyawa da igiya. Daga can sama yake mata wa'azi, wallahi bai hwasa ba, aya bayan aya, ita kuma tana ƙasa tana cewa, "Gaskiya ne Malam, ja ta dama kaɗan. Sadaƙallahu, nan ma akwai huda." Na yi dariya har hawaye sunka zo, sai sunka ƙi tsayawa, na zaga bayan gida.

Da ya sauko ta ba shi hura. Ya sha. Ya ce zai dawo da littahi shi karanta mata. Ta ce shi zo da ƙusa kuma, ƙyauren ɗaki na rawa.

A hanya ya ce mini, "Layina na nan. Ni dai ban canza rana ba."

Na ce, "Na sani, Malam."

Litinin, 28, azahar

Na noma layin Mus'ab. Ban sa hoto ba.

Laraba, 30, bayan la'asar

An gama. Ban da hwadama, an gama.

Na bi Inna mun zaga gonar. Hatsi ya sha iska, ya miƙe, kore shar, ƙasa ta yi laushi kamar an tankaɗe. Tana tahiya tana shahwa ganyen da tahin hannu. Ta ce in Allah ya ba da ruwa, za a ci har wata damana, in anka yi tattali.

Da munka kai ƙarshe ta tsaya. Ta ce, "Wayar taki ba ta ce komi ba?"

Na ce, "Rezo ba kyau kwanan ga, Inna, kira ba shi shiga."

Ta dube ni. Sai ta ce, "To. In hatsi ya kai gwiwa akwai maimai. Noma ɗaya ba shi kai hatsi rumbu."

Na ce muna nan.

Na zauna kan babur ɗin Ɗan'azumi, tun ba mu tashi ba na yi ma gurup vokal. Na ce: "Salamu alaikum Hannu Da Yawa, masu hannun kanta da masu babban yatsa, duka na gaishe ku. Gonar Inna ta tsira, saura maimai, kowa layinshi na nan. Kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Kore Mairuwa, Tibiri, Kiéché, duk wanda ya san wata gona a garinsu da mai nomanta ya tahi bai dawo ba, shi hwaɗa mana nan. Amma don Allah ku je ku zauna da mai gona tukuna, ku ji ranar da take so da wadda ba ta so."

Kahin mu hau kwalta wayar ta hwara motsi cikin hannuna. Mus'ab ne na hwarko.

"Wadda rumbunta ya lalace, a ba ni ita."